Jawabi bisa ambaliyar ruwa a cikin gari



Zancen yau zancen ruwa ne. Ruwan da manomi yake roƙo a gona, shi ne yake kada gidaje a birni.

Tsofaffin Maraɗi sun san labarin. Da can, garin yana ƙasa, a bakin Gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci shi. Dole aka taso da mutane bisa tudu, aka yanka sababbin unguwanni. Aka ce an huta.

Ba a huta ba. Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024, aka yi ruwa kamar milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi a birnin Maraɗi. Mutum 15 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A damanar nan tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, kuma aka ɗaga komawa lakkal har 28 ga watan Oktoba, don waɗanda suka rasa gidaje suna kwana cikin azuzuwa.

Mine ne milimita 150? Ga lissafi, kowa ya gwada bisa allonsa. Milimita 1 bisa fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Gida mai mita 20 da mita 15, ya karɓi lita 45.000. Tano 225 ke nan, a gida guda! To, unguwa fa?

A gona, rairayi yana shan ruwa, itace yana tare shi. A gari kuwa, kwano ba ya sha, siminti ba ya sha, kwalta ba ta sha. Duk ruwan sai ya fito titi, ya nemi gangare. In ya tarda magudana a buɗe, wadda ake ce ma kanibo, sai ya wuce Gulbi. In ya tarda ta cike da leda da toka da rairayi, sai ya shiga gidan mutane. Ginin laka ba ya jimre kwana cikin ruwa.

Akwai kuma masu gini cikin tsohon tabki ko bisa hanyar korama, don fili ya fi arha a nan. Ba su kaɗai ke da laifi ba. Wani ne ya yanka filin, wani ne ya sa hannu ga takarda.

Nan ne maganar ta iso ga hukumar gari. Gina kanibo, yashe shi, kwashe shara da yanka filaye, aikin ma'aikatar magajin gari ne. Harajin kasuwa da mutanen ƙauye ke biya ranar cin kasuwa, can yake shiga. Saboda haka baƙauye ma yana da bakin magana. Balle ga ɗiyansa da yawa suna zaune a birni, galibi a unguwannin gangare.

An yi zaɓen kansiloli na komin a Nijar a 2004. An sake a 2011 da 2020. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa wakilan da za su riƙa garuruwa. Lokacin zaɓe, ƴan takara sun zo da kiɗa da atamfa da sukari. Kaɗan ne aka tambaya zancen kanibo. Sukari ya ƙare cikin kwana bakwai.

Zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, tambayar guda ce. Nawa aka ware ma yashe magudanai bana? A wane wata za a fara? Aikin na rani ne, tun watan Afrilu ko Mayu, kafin hadari ya haɗu. Wanda ya iya karatu yana iya zuwa tare da mai unguwa, ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta cikin kasafin kuɗi, ya kwafe shi cikin littafinsa, ya karanta ma jama'a a dandali.