Ciwon Ƙwauri Ga Masu Sabon Fara Gudu

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina roƙon ku ba ni minti goma.

Duk lokacin da aka ce an buɗe ɗaukar soja, za ku ga samarinmu sun hau kwalta da asuba suna gudu, kowa burinsa ya ga kansa a Depo na Zariya. Yaron da bai taɓa gudun kilomita 1 ba, sai ya ce 5 zai riƙa yi kullum. Haka 'yan matanmu na sakandare idan gasar makaranta ta ƙarato. Har da wasunmu nan da aka ce mu riƙa tafiya da sauri saboda hawan jini ko ciwon sukari. Ba a jima ba sai ki ji: "Inna, ƙwaurina na ciwo."

Me ke kawo shi? Duk takun da mai gudu ya yi, ƙashin ƙwauri ne ke ɗaukar nauyin, tsokar da ke manne da shi kuma tana jan sa. Ƙashi yana iya sabawa da aiki, amma a hankali. Idan aka ɗora masa da yawa lokaci guda, sai gefensa na ciki, tsakanin gwiwa da idon sawu, ya fara zafi. Gudu a kwalta, takalmin da ya cinye, da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa duk suna ƙara shi.

To, maganinsa na farko hutu ne. A bar gudu mako 2 zuwa 4, sai ƙafa ta daina ciwo ko ana tafiya. Na san yaro zai ce miki lokaci na ƙure masa. Ki gaya masa idan ya ci gaba a haka, ƙashin na iya tsagewa, wannan kuwa jinyarsa mako 6 zuwa 8 ce ko fiye. Ga damar ta wuce, ga kuɗin asibiti, wataƙila ma ki zo nan neman rance. Yana iya hawa keke a lokacin hutun don kada numfashinsa ya ragu.

Na biyu, sanyi. A naɗe ƙanƙarar ruwan leda a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 a rana. In babu, a jiƙa tsumma da ruwan randa. Farasitamol ya isa rage zafi. Ibufurofen ma yana yi, amma banda mai ciki da mai gyambon ciki. Don Allah ku sa ido kada ya sha taramol ko wani haɗin kemis don ya iya fita gudu. Ɓoye ciwon yake, ƙashin na ci gaba da lalacewa. Kada kuma a yi tsaga ko a kai wa mai ɗori ya murza, ba targaɗe ba ne.

Akwai alamun da in kin gan su, asibiti za a nufa: ciwon ya tattaru wuri guda da za a iya nuna shi da yatsa ɗaya, ko yana zafi da dare alhali yana kwance, ko wurin ya kumbura, ko ya kasa tsalle da ƙafar. Budurwar da ke yawan gudu har al'adarta ta ɗauke, ita ma a kai ta, domin hakan na raunana ƙashi.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. A fara da tafiya, sannan a haɗa da sassarfa. Yau gudu, gobe hutu. Ƙarin kowane mako kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na makon jiya. A zaɓi filin makaranta ko hanyar gona maimakon kwalta. Kambas ko na gwanjo ne, ki juya ƙasansa ki duba, in ya zaizaye ta gefe ɗaya a bar shi. Silifa ba takalmin gudu ba ne. A riƙa ɗaga diddige ana tsayawa kan yatsu ana sauka, sau 15, don ƙarfafa sharaɓa. Nono, zogale, miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna gina ƙashi, kuma duk muna da su.

Maganar uwa tana da nauyi. Ki fara shirya shi watanni kafin a buɗe ɗauka, ba saura mako biyu ba. Wadda ke da mai gudu a gida ta ɗaga hannu, mu ji yadda yake yi. Daga nan sai sakatariya ta kira suna.