DOGARO DA KAI DA MATSAYINSA A MA'AUNIN SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a shekarar 1841 wani masanin falsafa ɗan ƙasar Amurka, Ralph Waldo Emerson, ya wallafa maƙala a kan dogaro da kai. Limamin coci ne a da, ya ajiye muƙamin a 1832. Kiransa shi ne mutum ya bar bin jama'a ido rufe, ya gaskata abin da zuciyarsa ta raya masa.

Rabin maganarsa gaskiya ne, domin mu ma muna yaƙar makauniyar biyayya. To amma idan an bar ta, wa zai zama alƙali? Shi ya ce zuciya. Mu kuwa muka ce Alƙur'ani da Sunna.

Masana halayyar ɗan Adam sun jarraba wannan alƙali nasa. A 1981 Ola Svenson ya tambayi wasu ɗalibai game da tuƙinsu, sai kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan cikinsu suka sanya kansu a rabin da ya fi gwaninta. Hankali ba zai karɓi haka ba. Ashe sakankancewar zuciya ba hujja ba ce. Albert Bandura kuma ya bayyana a 1977 cewa babban abin da ke gina yarda da iyawar kai shi ne aikin da mutum ya gwada ya ci nasara, ba kirari ba.

Musulunci ya riga su. Ranar Hunaini, a shekara ta 8 bayan Hijira, yawan Musulmi ya burge su, sai aka tarwatsa su da farko, har Allah Ya saukar da natsuwa. Wannan shi ne ujubu. Haka kuma Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Saboda haka, ya kai matashi mai wa'azi, kada ƙarfin da kake ji a zuciya ya sa ka ba da fatawa ba da ilimi ba. Zauna gaban malamai, nemi dalili, yi aiki, sannan ka dogara ga Allah.

Allah Ya tsare mu daga sharrin kawunanmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.