Jawabi Ga Iyayen 'Yan Kokawar Lafagu

Mu 'ya'yanku ne da kuka tura neman ilmi jami'a, mun dawo gida mun tarar da fage zai tashi. Gajimare ya fara haɗuwa, makaɗa sun kusa rataye gangunansu, kowa ya soma waiwayen fartanyarsa. Kafin a watse muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku, domin maganar da muka zo da ita taku ce.

Da farko godiya. Tun da aka kai amfanin gona rumbu ƙannenmu suke shiga fage da dare, kuma duk ƙarfin da 'yan kallo suka yi wa tafi daga tukwanenku ya fito. Uwar da ta dama fura, da uban da ya ba da kuɗin mashin zuwa Tsamiya ko Lolo, da kakar da ta gasa wa yaro targaɗe da ruwan zafi, duk ba a yi musu kirari ba. To, mu mun gani, mun kuma yaba.

Abin da ya kawo mu shi ne zancen yaron da ya sha kaye. Wanda ya yi kaye ba ya rasa masu ɗaga shi sama. Amma wanda bayansa ya taɓa ƙasa yakan dawo gida shi kaɗai, yana kakkaɓe rairayi, yana satar kallon fuskar mahaifinsa. Abin da ya karanta a fuskar nan shi zai nuna ko zai koma fage baɗi da ƙwarin zuciya, ko kuwa zai bi ɓatacciyar hanya.

Ku dubi maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar Takobi a Tawa, har Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, ba a fasa darajanta kokawa a can ba. Jihohi 8 ne ke kawo 'yan kokawa goma goma, watau gwanaye 80, amma mutum ɗaya tak ke komawa gida da takobi. Sauran 79 ɗin ba ragwaye ba ne, kuma daga cikinsu ake samun zakaran wata shekarar. Ko Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin ba sau ɗaya ba, ƙasa ta san bayansa. A nan gida ma, samarin da ke kokawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, a filayen ƙauye irin namu suka koyi faɗuwa da tashi.

Akwai dalilin da ya sa muka nace. Muna zaune a bakin iyakar Binin, inda kaya iri iri ke shige da fice, na kirki da na banza. Yaron da aka yi wa gori a gida shi ne wanda mai sayar da ƙwaya zai fi saurin ja, ya ce masa tiramol na ƙara ƙarfi. Ba ta ƙarawa. Ɓoye ciwo take yi har jijiya ta lalace yaro bai sani ba, tana kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, kuma wanda ya saba da ita da wuya ya rabu. Maganin wannan yana hannunku, kuma ba shi da tsada: ku tarbi wanda ya faɗi kamar yadda za ku tarbi wanda ya kayar.

Saura roƙo biyu. Yaron da har yanzu yake ɗingishi, ko kafaɗarsa ta ƙi ɗaguwa, a kai shi asibiti kafin aikin damina ya hau kansa. Sa'an nan kada walki ya kori littafi. Ƙarfin ɗan kokawa na 'yan shekaru ne, ilmi kuwa yana raka mutum har tsufa. Cikinmu akwai waɗanda suka sha kaye a wannan fage, ga mu yau a jami'a, ɗayan bai hana ɗayan ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, don kada ya karye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya, mu sake haɗuwa a fage da yaranmu cif, ba wanda ya ɓace.