Idan Manhaja Ta Ƙi Shiga Kwamfuta

Idan manhaja ta tsaya ana cikin sanya ta daga faifan CD, sau da yawa laifin na faifan ne, ko na na'urar da ke karanta shi da lesa, wato siririn haske mai bin bayanan jikinsa. Gwaji na farko, a kai faifan wata kwamfuta. Idan ya ƙi, to ya karce ko ya yi datti, sai a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Gwaji na biyu, a saka wani faifan a kwamfutar farko. Idan shi ma ya ƙi, to ƙura ta rufe idon na'urar ko na'urar ta lalace. A gwada kafin a kashe kuɗi.