Homosistin da Mutuwar Tafin Ƙafa

Idan dattijo ya ce tafin ƙafarsa ya mutu, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, sai mu ce tsufa ne. Ba kullum ba. Akwai sinadarin homosistin da ke taruwa a jini idan bitamin B12 ya yi ƙaranci. Idan homosistin ya haura maikiromol 15 a lita, ya yi yawa. Ƙarancin B12 ɗin nan yana cinye rufin jijiya, kamar robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa jan ƙafa. Masu ciwon suga da suka daɗe suna shan maganin metformin sun fi ba ni tausayi, domin ƙarancin nan yakan kama su. Don Allah, ku kai iyayenmu a gwada jininsu da wuri.