Jawabi a Taron Iyalai: Katakon da Ba a Sa Wa Wuta

 

Mun san itace ya yi wuya a sansanin nan, kuma zuwa daji nemansa akwai haɗari. Shi ya sa idan aka gama gyaran rumfa ko banɗaki, yara ke kwashe guntayen katako su kai murhu. To, a cikin katakon nan akwai wanda aka jiƙa da magani don kada gara ta ci shi, kuma wuta ba ta kashe maganin.

Ku duba launinsa. Wanda ya yi kore-kore, galibi an dafa shi da tagulla da wata guba mai suna asanik. Baƙi mai warin kwalta, irin na falwaya, shi ma haka, da wanda aka shafa wa baƙin mai. Tsohon fenti kuwa yana iya ɗauke da dalma, wadda mutanen Zamfara ba su manta abin da ta yi wa yara a 2010 ba. Katakon da ake ɗora buhunan abinci a kai yana da hatimi a gefe: HT na nufin zafi kawai aka ba shi, ana iya ƙona shi in ba fenti. Mai MB, ku bar shi.

Hayaƙin yana cutar da mai girki da goyon da ke bayanta, amma tokar ce ta fi damuna. Iyaye mata, da toka kuke wanke hannu da tukunya, da ruwanta ake kaɗa miya in babu kanwa, wasu har cikin hatsi suke zuba ta saboda ƙwari. Gubar tana taruwa a tokar nan. Tana da ɗanɗanon gishiri, akuya na lasa, tana iya mutuwa.

In kun samu irin katakon, ku yi shinge ko ku tokare rumfa da shi. Kada a yanka nama a kansa, kada a yi kwamin dabbobi da shi. Wanda ya lalace, kada a jefa shi ramin shara, tunda ana cinna masa wuta. Ku tara shi nesa da rijiya da famfo, ku sanar da kwamitin tsafta su ɗauke.

Wanda ya riga ya ƙona, ya yayyafa wa tokar ruwa kaɗan don kada ta tashi, ya kwashe da shebur cikin leda, ya ɗaure, ya wanke hannu da sabulu. Yaron da ya ci tokar, ko ya fara amai da gudawa da ciwon ciki, a kai shi asibiti nan take, a gaya wa ma'aikata irin katakon da aka ƙona.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.