Gwajin Ƙarfin Bulo

Ambaliyar watan Agusta 2024 ta rusa gidaje a Gummi, sake gini ya zama tilas. Ma'aikacin da ke sa hannu a karɓi bulo kuwa, amanar rayuka ce a wuyansa. Misali, ɗan kwangila ya ce matsakaicin ƙarfin bulonsa 3.5 ne. Aka tsamo tara ba zaɓe, inji ya danne su, matsakaicinsu ya tsaya 3.2, warwatsuwarsu 0.3. Bisa hanyar Gosset ta 1908, za a raba warwatsuwar da 3, tushen tara, a sami 0.1. Giɓin 0.3 ya ninka wannan sau uku, alhali arashi ba ya wuce ninki 1.86 sai sau biyar cikin ɗari. Don haka wajibi ne a ƙi bulon.